Kada a Taɓa Murjani

Gardamar da ke tsakanina da mahaifina a kan murjani ta fi shekara goma, kuma ni na tsokano ta da bakina. Malam muke ce mashi, har mu da ya haifa. A lokacin yana da makarantarsa a wani ƙauye ta wajen Runka, ni kuma ina koyar da kimiyya a sakandare a Batsari, ranar Juma'a in hau babur in je gida. Wata rana na tarar yana yi wa manyan ɗalibansa karatu, aka zo kan kalmar murjani. Ya ce wani jan dutse ne da Allah ya halitta a ƙarƙashin teku, ana ciro shi a huda, mata su yi ado da shi. Har ya aika cikin gida aka karɓo na Inna, mahaifiyata, wanda ta gada wurin uwarta, aka zagaya da shi hannu hannu. Da ɗalibai suka watse sai na ce, da rawar kai irin ta mai sabon ilmi, "Malam, ai murjani ba dutse ba ne, dabba ce."

Ya ɗago ya dube ni. Lokacin idanunsa garau suke, yana karanta ƙananan rubutun gefen littafi ba tabarau.

"Dabba," in ji shi. "Tana da baki?"

"Tana da shi, Malam."

"Tana cin abinci?"

"Tana ci."

"To madalla. Ashe shekara arba'in uwarka na yawo da mushe a wuya ban sani ba."

Na fara bayanin cewa ƙashin ne ake sarrafawa, ya ɗaga mani hannu yana dariya har da tari. Daga ranar na shiga uku. Duk zuwan da zan yi, bayan an gama gaisuwa, an tambayi iyali da aiki da hanya, sai ya ƙara da, "Ya kiwo? An ba dabbobin uwarka dusa kuwa?" Ni kuma ina da zuciya, ban iya wasa ba. In kawo hoto a waya, ya ce hoto ai ko aljani ana zana shi. In kawo littafi, ya ce shi marubucin ya taɓa nutsewa cikin teku? Haka nake tashi fuska a murtuke, shi kuwa ya samu abin nishaɗin mako.

Sai zaman ƙauye ya gagara. 'Yan bindiga suka hana noma, suka hana kowa sakewa, makaranta ta watse, iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Muka ɗauko shi da Inna a bayan a-kori-kura, littattafansa cikin buhunan taki, suka dawo gidana a Batsari. Idon da ya fara hazo tun a can sai ya ƙarasa rufewa a nan. Cikin shekara biyu mutumin da ake cika zaurensa ya koma zama shi kaɗai a kan buzu, abin da yake bambancewa kawai haske da duhu. Likita a Katsina ya ce yanar ido ce ta rufe shi, ana iya cire ta, amma sugan jininsa ya hau, sai ya sauka tukuna. Aka ba mu magani aka ce mu dawo. Ya daina yawan magana. Abu ɗaya da ya rage yana sa shi dariya shi ne wannan tsokanar ta dusa.

A cikin haka aka tura mu Legas, wani kwas na malaman kimiyya, mako biyu. Nan na ga wani shago. Akwatunan gilashi ne jere cike da ruwan gishiri, fitilu shuɗaye a kansu, murjani mai rai yana kaɗawa a ciki. Na tsaya kamar an dasa ni. Gara in faɗi gaskiya tunda ba wanda zai kama ni: ba don in faranta wa Malam rai na saya ba, don in ci gardama na saya. Na ce a raina, ranar da aka cire yanar nan, abin farko da zai gani shi ne dabbar da ya shekara goma yana yi mani dariya a kanta.

Mai shagon ya tambaye ni inda zan kai. Da na ce Katsina, ya dube ni yadda ake duban mara lafiya. Amma ya haɗa mani: ƙaramin akwati mai cin jarka biyu, dutse daga cikin nasa akwatin, buhun gishiri na musamman, ɗan injin da ke juya ruwa, fitila, ma'aunin zafi da ma'aunin gishiri. Ya sa mani murjani reshe ɗaya mai kawuna bakwai, da jatan lande guda, da dodon koɗi uku masu lashe gansakuka, da wata 'yar ƙaguwa da ke zaune cikin kwanson dodon koɗi. Ya yi mani gargaɗi uku, yana lissafawa da yatsa. Kada ruwan ya yi zafi. Kada gishirin ya canza. Kada kowa ya sa hannu, musamman hannu mai sabulu ko man shafawa ko turare. Kwana biyu na yi a hanya, halittun na cikin kular ruwa a kan cinyata. Ma'aunin gishirin ya fashe tun kafin mu kai Zariya, sauran suka iso da rai.

Na kafa akwatin a falo, na haɗa shi da sola da batirin gidan, tunda wutar gari ba abin dogara ba ce. Kwana uku murjanin na dunƙule. A na huɗu ya buɗe. Kowane kai tsakiyarsa kore shar, ga baki ƙarami a tsakiya, kewaye da 'yan yatsu masu laushi suna bin ruwa. Na kira Inna da gudu. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ne murjanin? Ina jan? Ni dai tumbin akuya nake gani." Matata ta shige kicin don kada in ga tana dariya.

Na jawo Malam na zaunar da shi kusa. Na yanka kifi ɗan mitsitsi, na sa a tsinke, na ajiye a kan kai ɗaya. Yatsun suka naɗe a hankali, suka tura naman cikin bakin. Inna ta dafa ƙirji.

"Malam, wallahi ya ci. Da idona na gani, ya haɗiye."

"Ke ma ya saye ki," in ji Malam. "Shaidar uwa ga ɗanta ba ta karɓuwa."

Yana murmushi, ya karkata kunne wajen ƙarar injin. Sai ya naɗe hannun rigarsa, ya lalubi bakin gilashin, ya ce, "Kawo in ji. In dabba ce ai za ta motsa."

Na cafke wuyan hannunsa kafin ya kai ruwa. Ban taɓa riƙe mahaifina haka ba. Malam mutum ne mai turare, kullum yatsunsa da ƙamshi, kwalbar na cikin aljihunsa tun ina yaro. Na ce, "Malam, ba a taɓawa. Hannu na kashe shi."

"Ina da alwala," ya ce.

"Ba maganar alwala ba ce."

"Hannun da na ɗauki littafi da shi yanzun nan, shi ne bai isa ya taɓa dutsenka ba?"

Na ce ya yi haƙuri, saura kaɗan a yi aikin idon, zai gani da kansa, gani ya kori ji. Ya janye hannunsa, ya warware hannun rigar, ya ce, "To, Allah ya kai mu." Da na ce mashi ya wanke hannu da ruwa zalla ya kwana ɗaya ba turare, da shi ke nan. Ban faɗa ba, kuma ba don ban yi tunaninsa ba. So nake ya gani da ido, a gaban mutane, ya ce na yi gaskiya.

Daga nan zamansa ya koma gefen akwatin. Da hantsi ya kawo buzunsa, ya jingina da bango, yana jan carbi yana sauraren ruwa. Ya sa wa ƙaguwar suna 'yar gudun hijira, don na gaya mashi in kwanson ya matse ta sai ta nemi na wani ta shige. "Irinmu ce," in ji shi. Kullum sai ya tambaya ko kawunan bakwai duk sun tashi lafiya, ni kuma in ƙirga in ba shi labari. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, ya samu abokan hira. Inna ta ce rabon da ta ji muryarsa haka tun ƙauye.

Kuskuren farko nawa ne, ni mai takardar kimiyya. Ruwa na raguwa kullum saboda zafi, ni kuma in dama gishiri da ruwan leda in cika. Bayan mako uku murjanin ya ƙi buɗewa sosai, dodon koɗi ɗaya ya faɗo ya mutu. Ba ma'auni, na rasa inda matsalar take, na yi ta masifa a gida ina cewa wani ya sa hannu. Inna ta ɗebo ruwan da cokali ta ɗanɗana, ta tofar.

"Kai, wannan ai ya fi na ranar farko ɗaci. Me kake zubawa?"

Na gaya mata.

"Miya in ta tsotse a kan wuta, gishiri ake ƙara mata ko ruwa? Wannan ne karatun da aka tura ka Legas?"

Malam ya yi dariya har ya kwanta a buzu. Na ji kunya kamar in nutse, amma ta yi gaskiya, ruwa ke tashi, gishiri na nan. Daga ranar harshen Inna ya zama ma'auninmu, murjanin kuma ya farfaɗo.

Muka koma Katsina sau biyu. Na farko suga bai sauka ba. Na biyu ya sauka, aka ba mu rana, sai ranar ta faɗa cikin azumi. Malam ya ce shi ba za a ɗiga mashi magani a ido da rana tsaka yana azumi ba, kuma ba zai sha azumi don ido ba, a bari sai bayan Salla. Na roƙe shi, na kawo mashi hujja daga irin littattafansa, ya ce ya fi ni sanin inda hujjar take. Aka ɗage. Azumin shekarar kuwa a tsakiyar bazara ya zo.

Wanda bai yi bazara a Batsari ba ba zai gane ba. Kafin azahar kwanon ɗaki ya ɗau wuta, bango ya yi zafi, ruwan randa ma ya yi ɗumi. A jikin ma'aunin zafin akwai wani jan layi da mai shago ya ce kada a wuce shi. Mako na farko muka taɓa layin. Mako na biyu muka wuce, kuma ba mu sake dawowa ƙasansa ba sai da asuba. Na kwashe akwatin daga falo na kai tsohon soron ƙasa da muke ajiye hatsi, don ya fi sanyi. Na lulluɓe gilashin da jiƙaƙƙen buhu. Na kafa fanka tana hura saman ruwan, ita kuma ta riƙa shanye batir, injin ya tsaya kafin gari ya waye. Na kashe fitila da rana. Duk abin da na gyara sai ya ɓata wani.

Ƙanƙara ce kaɗai ke saukar da zafin, in jefa ledar a ɗaure ta yi iyo a ciki. To ƙanƙara a azumi, a garin da ba wuta. Daga Katsina ake kawo ta a mota, cikin buhu da garin katako, ba ta isowa sai bayan la'asar, lokacin zafin ya riga ya gama ɓarnarsa. Ka je ka tarar da layi, dattawa leɓe a bushe, kowa na son ya buɗe baki da ruwan sanyi. Ni kuma ina cikinsu ina turereniya don dutse. Mai ƙanƙarar ya sani, gari duk an sani. Wata rana ya ce mani a gaban jama'a, "Malam, na mutane ko na kifin?" Na ce ba kifi ba ne, kuma ina ruwansa. Muka yi cacar baki har aka ba mu haƙuri, na tafi ina jin ana dariya a bayana. Na isa gida na jefa duka a akwati, muka buɗe baki da ruwan randa. Matata ta ajiye mani kofin da ƙarfi.

Jatan landen ya fara tafiya. Na same shi da safe a kwance a gefe, ya yi ja. Sauran dodon koɗin suka bi. Sai murjanin ya fara kodewa, koren ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya koma fari. Na kira mai shagon a waya, ya ce zafi ne, in saukar da shi. Na ce da me? Ya ce akwai injin sanyaya ruwa. Na tambayi irin wutar da yake ci, ya faɗa, na kashe wayar. Ko an ba ni shi kyauta batirin gidana ba zai ɗauke shi awa ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne barka da ake yi mani. Maƙwabta su leƙo su ce, "Masha Allah, ya yi haske, ya yi fari tas." Inna da kanta ta ce yanzu ne ya yi kyau, ya bar kama da tumbi. Ni kaɗai na san farin nan na mutuwa ne. Haka nake tsayawa ina amsa barka.

Malam ya biyo akwatin har soron, da buzunsa, cikin buhunan gero. Wata rana bayan azahar, ina durƙushe ina matsa buhu, gumi na zuba, ya ce, "Na ji ana cewa ya yi fari. Lafiya ce?"

"Lafiya lau. Haka suke yi."

"Kawuna nawa suka tashi yau?"

"Bakwai," na ce. Huɗu ne.

Ya karkato kunne wajena. Mutumin da ya shekara hamsin yana kama yara da ƙarya ta murya kawai. Can ya ce, "Tun shekaranjiya ban shafa turare ba. Na wanke hannu da ruwa zalla, uwarka ta zuba mani. Bari in ji shi sau ɗaya."

Na dubi kawunan huɗu, sun yi laushi, da ƙyar suke riƙe da ƙashinsu. Na ji tsoro in ya taɓa naman zai saluɓe. Ga yunwa, ga ƙishi, ga haushin kaina, sai na huce a kansa. Na ce, "Haba Malam, kwana goma sha biyu ya rage. Ina nan ina kashe kaina don ka gan shi, kai kuma so kake ka ƙarasa shi?" Na ɗaga murya har Inna ta leƙo. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka." Ya lalubi sandarsa ya fita. Bai sake zuwa soron ba, bai sake tambayar kawuna ba.

Kwana huɗu bayan Salla aka yi aikin. Da za mu tafi saura kai biyu masu ɗan motsi. Na bar wa matata da Inna bayani dalla-dalla, na san kuma ba abin da za su iya wanda ni ban kasa ba. Washegari likita ya cire bandejin, ya haska fitila, ya ɗaga yatsu ya ce Malam ya ƙirga. Malam ya ce yana ganin haske, kamar da. Aka sake gwadawa, aka shiga da shi wani ɗaki. Da suka fito likitan ya ja ni gefe. Ya ce yanar ta fita lafiya, amma a bayanta hawan jinin ido ya daɗe da cinye jijiyar, yanar ce ta hana a gani sosai tun farko. Na ce to yanzu me za a yi? Ya ce a riƙa ɗiga magani don kada ya yi ciwo. Na sake tambaya, ya sake faɗin haka. Malam na zaune a benci ya ji komai, ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin. Tashi mu nemi mota kafin hanya ta yi yamma."

Muka hau mota. Ni ina kallon gonaki da ba a share ba, ina jin kamar an ɗaure mani hannu da ƙafa. Ba wanda zan yi wa faɗa, ba abin da zan sayo, ba inda zan je.

Muka iso bayan la'asar. Tun daga tsakar gida na ji, shi ma ya ji. Ya tsaya, hannunsa a kafaɗata, ya ja numfashi ta hanci.

"Me ya mutu a gidan nan?"

Inna ta fara cewa tun jiya ruwan ya yi fari, sun rasa yadda za su yi. Ya ce in kai shi. Muka shiga soron. Injin na ta juya ruwa mai kama da tsarin gero, naman ya saluɓe duka yana yawo, reshen na tsaye fari fat da ramuka bakwai. 'Yar ƙaguwar kaɗai ke tafiya a ƙasa. Warin ya cika ɗakin, irin na kifin da ya kwana a rana.

Malam ya shaƙi warin. Sannan ya ce, a hankali, ba wasa a muryarsa, "Dutse ba ya wari. Ka yi gaskiya, dabba ce."

Shekara goma ina jiran wannan maganar. Na ji ta, na kasa ɗaga kai, hawaye suka zubo mani a gaban uwata da matata.

Ya naɗe hannun rigarsa. "Mushen teku ba shi da najasa," ya ce. "Yanzu an yarda in taɓa?"

Na kama wuyan hannun nan da na taɓa riƙewa, na sa shi cikin ruwan, na kai yatsunsa kan reshen. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa da leɓe, har bakwai. A na ƙarshen ya tsaya, ya bar yatsansa a ciki, ya jira ko wani abu zai motsa.

"Nan bakin yake?" ya tambaye ni.

Na ce, "Nan yake, Malam."